Nonon da Riskuwa Ta Sha

Argungu,
9 ga Sha'aban, 1407.

Zuwa ga Yaya Labbo, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Aishatu da yara, ya kuma sauwaƙe maka ciwon gwiwar da ka ambata. Mu nan lafiya lau, sai zafi. An gama cirar albasa a fadama, ta yi kyau bana. Inna tana nan, idon ne ya ƙara rauni, amma kunne garau. Da hannuna na rubuta wannan da ajami, ban kai wa mai rubutu na bakin gidan waya ba, don maganar ba ta kunnen kowa ba ce.

Takardarka ta iso, na kuma gane umurninka: in je Birnin Kebbi in ɗauko ɗiyarka Riskuwa daga gidan marayun da take aiki, gidan Malam Silvanus da matarsa Paulina, don ba ka son ta yi azumi a gidan Kirista. Yaya, ban ɗauko ta ba. Paulina ta rasu yau kwana goma sha biyu, kuma akwai abin da na ɓoye maka shekara goma sha tara.

Lokacin da matarka Laure ta rasu wajen haihuwar Riskuwa, kana can. Da ka zo na ce maka da nonon saniya na raine ta. Ba gaskiya na faɗa ba. Na gwada na saniya, na gwada na akuya, duk amayarwa take yi, har kukanta ya daina fita, kuma babu mai jego a danginmu. Na goya ta zuwa asibitin Birnin Kebbi. A kan benci na tarar da Paulina tana shayar da ɗiyarta Judith, 'yar wata biyu. Ta dubi yarinyar, ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba, ta miƙo hannu. Wata bakwai na zauna a Gwadangaji wajen marigayiya Gwaggo Baiwa, kullum ina kai ta gidansu, mutane suna tsammanin magani muke karɓa. Ni na roƙi Paulina kada ta faɗa wa kowa, ko yarinyar, don tsoron bakin mutane da tsoron fushinka. Ta yi alkawari, ta kuma riƙe.

Shi ya sa bara waccan, da ta nemi mai taya ta aiki, ban hana Riskuwa ba. Yara goma sha huɗu ne a gidan. Riskuwa da Judith ɗaki ɗaya suke kwana, su ke wanka da wanki da damun kunu da kitso. Tun ranar da ta shiga gidan, Paulina ba ta sayen nama sai wajen mahauci Musulmi. In an kira salla, da kanta take sauke goyon da ke bayan Riskuwa, tana cewa ta yi maza ta je, kada ni, Gwaggo Asiya, in zo in yi mata wa'azi.

Ranar wata Litinin ta aiko mini, na same ta kwance, ta rame ƙwarai. Ta sa kowa ya fita. Ta ce alkawarin ya yi mata nauyi amma ba ta saɓa ba, abu ɗaya take roƙo, in sake ta, ta faɗa wa yarinyar da bakinta, ta kira ta ɗiyata ko sau ɗaya. Ka san halina, Yaya. Na ce ta bari in tambayi malam tukuna. Ta yi murmushi, ta ce to, amma in ce wa malam ya yi sauri.

Na komo Argungu na iske Malam Abdussamadu ya tafi ta'aziyya Gulma, na jira shi kwana biyu. Da na zayyana masa, ya ce nono ba ya tambayar addini, Paulina uwarta ce ta shayarwa, Judith 'yar'uwarta ce, kuma wannan ba abin jiran fatawa ba ne, me ya zaunar da ni. Alhamis da safe na shiga mota. Tun daga bakin layi na hango an jera bencuna a ƙofar gida, mata suna waƙoƙinsu na coci a hankali. Ta cika ran Laraba da la'asar.

Bayan an binne ta na faɗa wa Riskuwa, a bayan gida, tana shanya kayan yara. Ba ta yi kuka ba. Ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda matar take tsura mata ido in tana cin abinci. Sai ta tambaye ni ko Paulina ta roƙa ne na hana. Na ce ban hana ba, na ce ta jira. Ta ce to, Gwaggo, ta ci gaba da shanya. Da ma zagina ta yi.

Na yi maka ƙarya, na hana yarinya sanin uwar da ta rayar da ita, na kuma hana mai mutuwa kalma ɗaya. Ina neman gafarar Allah, ina neman taka. Amma ba zan ƙara na huɗu ba. Malam Silvanus ko magana ba ya iyawa sosai, gidan yana hannun 'yan matan nan biyu, kuma ba zan je in raba Riskuwa da 'yar'uwarta cikin makoki ba. In azumi a gidan Kirista ne damuwarka, maigidana ya ba ni izini, Judith ma ta share mini ɗaki. Zan je in yi azumin a can tare da ita, in taya su wanki. In ka ga lalle sai ta bar gidan, ka zo da kanka, amma ka fara yi wa mutumin nan gaisuwar matarsa.

Inna tana gaishe ka, ban faɗa mata ba tukuna. Ka gai da Aishatu, da Ma'u, da Abu da maigidanta. Allah ya kai mu watan lafiya.

Ƙanwarka,
Asiya.