Bana Ba Zan Zo Bikin Chhath Ba

Yayata, Didi Phulmati,

Gaisuwa mai yawa daga Jodhpur. Ki taɓa min ƙafar mahaifiyarmu Amma, gaisuwar girmamawa. Yaya ciwon gwiwarta? Ina fatan 'yata Gudiya tana zuwa makaranta. Ni lafiya ƙalau, aikin sassaƙar dutse yana tafiya.

Kin tuna inshorar rai da na yi shekara biyar da suka wuce, wadda in na mutu za a biya ku? Wa'adinta ya cika. Da na je sabuntawa, wakilin kamfanin ya ce kuɗin ya ƙaru. Na ce masa, "Bhai, ɗan'uwa, ai ni ne dai na da." Ya yi dariya ya ce, "Kai ne, amma ka ƙara shekaru. Duk sabuntawa da shekarunka ake lissafi."

Ramdhani, abokin ɗakina, ya ce in bar ta in nemi sabuwa mai araha. Na je na tambaya. Sabuwa sai likita ya saurari ƙirjin mutum, tawa kuwa ba ruwanta da likita, biya kawai zan yi. Na kuma lura waɗanda suka daɗe a aikin nan ba mai zuwa neman sabuwa.

Ina ɗan tari da safe. Ƙurar dutse ce, kowa yana yi. Kada ki faɗa wa Amma.

Saboda haka na biya tsohuwar da kuɗin jirgin ƙasa na zuwa gida, bana ba zan zo bikin Chhath na bautar rana ba. Ki aiko min da thekua, cincin ɗin biki, irin suyar Amma in an sami mai zuwa. Ki kuma nemi wanda zai ɗaukar mata kwandon hadaya zuwa bakin kogi a madadina. Gara ya fara sabawa.

Ƙaninki,
Dhanraj