Farfelarka Ta Kashe Dabinon Baba

Gure, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Fadilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Huda da yara, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan, idon ne dai ya ida rufewa tun bayan Sallah. Gaisuwar ke nan, don yau ba zumuɗi ya sa na ɗauki biro ba.

Fadilu, ka cuce mu. Tun da ka samu aiki a madatsar ruwan nan da kuke ce wa baraj kake cika mana kunne: wai inji yana can ƙarƙashin ruwa, ruwa na juya farfela, gari guda na samun kuran, fitilu na kamawa. To madalla! Wa ya ce maka kwarinmu baraj ne? Ka aiko da ƙaramin inji a mota, ka bugo wa mijina Ibram waya, ka ce ruwan da ke kwance ba ya juya komai, a fasa tudun da ya raba tafkinmu mai daɗi da tafkin kanwa, ruwa ya gangara ta kan farfela, Inna ta samu fanka. Na ce kada a taɓa. Ka ce masa wai ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Shi kuma sarkin jin maganar masu takarda, ya saɓi shebur.

Ashe ka manta abin da ya sa Baba yake tara mu kowane rani, muna jibga yashi da kaba a kan tudun nan? Kai ma ka ɗauki kwando, kana kuka. Farfelarka ta juya kwana huɗu, ƙwan fitila ɗaya ya kama, unguwa ta zo kallo. Rana ta biyar ruwanmu ya ƙare kaf. Da damina ta sauka, tafkin kanwa ya cika, ya biyo hanyar da kuka buɗe masa ya kwanta cikin garka. Rogo ya tafi, lemo ya tafi, ƙasa ta yi fari kamar an watsa gari. Dabinon nan uku da Baba ya dasa shekarar da aka haife ka, biyu sun bushe. Na ukun ko ƙwaya bai yi ba bana.

Ka san Inna ba ta buɗe baki da azumi sai da dabinon mijinta. Na saya a kasuwa na kai mata, na ce na garka ne. Ta tauna ɗaya, ta ajiye sauran, ta ce wannan bai sha ruwan kwarinmu ba. Ta tambaye ni ko lafiya itatuwan suke. Wallahi sai na fita na yi kukana a bayan ɗaki. Tun ranar kullum sai ta ce a kama hannunta a kai ta ta shafa su.

Kada ka sake aiko min da wani inji, ko wani bayani a waya. Naka yana nan gindin bango, kaji na hawa. Ni na yi ƙarya sau ɗaya saboda kai, ba zan ƙara ba. Ka zo da ƙafarka, ka kama hannun Inna, ka kai ta garka da kanka.

Ka gaida Huda da Nuriyya da Zulkiflu, su ba su yi min komai ba. Kawu Aisami ya ce kada in sa sunansa cikin masu gaishe ka. Inna kuwa tana gaishe ka, tana sa maka albarka, don har yanzu ba ta sani ba.

Yayarka,
Biba