Na Saka Yayata a Littafi, Yanzu Aurenta Na Rawa

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni marubuciya ce a Jibiya. Littattafan soyayya nake rubutawa ina sakawa a guruf-guruf na waya da wani suna da ba nawa ba, ko a gidanmu ba wanda ya sani. Littafi shida na yi, duk kan masu kuɗin Abuja, garin da ban taɓa takawa ba. Na gaji da su. Na gaji da saurayi mai ƙamshin turare da ba a san sana'arsa ba, sai na ce bari in rubuta abin da ke gabana.

Ina da ɗiyar baffana, zan kira ta Yaya Rabi, tana sayar da abinci a Magama kusa da boda. Mijinta direban babbar mota ne, mutumin Maraɗi. Lokacin da aka rufe boda motarsa na tsallake, wata da watanni bai zo ba, kuma ni take zuwa ta faɗa wa damuwarta. Ta gaya mini yadda take daka masa yaji ta zuba a gwangwanin madara ta ba 'yan acaɓa masu bi ta daji su kai masa, da yadda yake kiranta "Madam Magama" in yana son ta yi dariya. Ina ba ta haƙuri, tana fita ina ɗaukar waya ina rubutawa. Sunaye kawai na canja.

Littafin ya karɓu fiye da duk na baya, amma a tsakiya masu karatu suka fara ƙorafi, wai ba abin da ke faruwa, mace na ta jira kawai. Sai na shigo da ɗan canjin sefa, kuɗin Nijar, mai tebur gefen rumfarta, na sa ta fara sonsa, na sa har ta bi shi ɗaki. Wallahi ƙarya ce na shirya. Amma akwai ɗan canji na gaske gefen rumfar Yaya Rabi, bawan Allah da gaisuwa kaɗai ke haɗa su, shi na gani na ɗauka. Me ya hana ni mayar da shi tela? Me ya hana ni cire gwangwanin nan?

Wani ya karanta littafin da murya ya watsa a intanet ba da izinina ba, direbobi suka riƙa saurare a tasha, har ya kai kunnen mijin. Da aka buɗe boda ya zo sau ɗaya, ko abincinta bai ci ba ya juya. Bai sake ta ba, bai kuma ƙara zuwa ba.

Makon jiya ta zo ta zauna bakin gadona, ta rame. Ta ce, "Ƙanwata, ke da kika san kan waya, ki bincika mini wace ce wagga mata da ta saka ni a littafi. Mi na yi mata?"

Na ce, "Yaya, ƙila dacewa ce kawai."

Ta ce, "Dacewa har da gwangwani? Mutum biyu na gaya wa, ke da Lami."

Lami ƙawarta ce tun ƙuruciya, kuma yanzu ta daina yi mata magana. Ni ko a ranta ba ta kawo ni ba. Na ma raka ta bakin hanya.

Yanzu masu karatu sun dame ni da saƙo, littafi na biyu suke so, kuma a ƙara musu ɗan canji. Na yi tunanin in rubuta shi in nuna sharri aka yi wa matar, amma wa zai ba ni tabbacin mijin zai saurara? Kuma ba sake ɗaukar rayuwarta ba ne ba tare da ta sani ba? Na gwada komawa labarin Abuja, kwana uku ina rubuta layi ɗaya ina gogewa. Abin da ya fi ƙona mini rai, kuma ina jin kunyar faɗa, shi ne wannan littafin ya fi duk abin da na taɓa rubutawa. Irinsa nake son in ci gaba da yi, labarin matan bakin boda da mazansu. To amma kowane labari na nan garin yana da mai shi, kuma na ga abin da hannuna ya jawo.

In na gaya mata, ƙila aurenta ya gyaru, Lami ta fita daga zargi, ni kuma in rasa ta, dangi su san ni ce. In na yi shiru, ban san yadda zan ƙara rubuta ko shafi ɗaya ba.

Anti, jama'a, me zan yi?