Bidiyon Gonar Baba

Area 11, Garki, Abuja
5 ga Maris, 2012

Ƙanwata Nazeefa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ya fama da ɗalibai? Na aiko wannan ta hannun Datti direba, tunda waya a Kwalin nan taku sai ta ga dama take shiga.

Maganar laptop ɗina ce. Na sa an ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, har giga takwas, amma Thaddeus, mai kula da kwamfutocin ofishinmu, ya ce uku kawai take gani, saboda Windows ɗin da ke kanta 32-bit ce. Wai sai an sauke ta an ɗora 64-bit. Ranar Juma'a a mitin ta tsaya cak a gaban Darakta, ina ta latse-latse gumi na keto min, Musbahu da aka ɗauka aiki bara yana murmushi. Ni mataimakin darakta guda! Kowa a hawanmu ya koma 64 sai ni.

Tunda ke ce malamar kwamfuta a gidanmu, ko da yake kunnawa da kashewa kike koya wa 'yan sakandare, na ce bari in ji ta bakinki, kada a ce ban yi shawara ba.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Umar Farouk

Kwali
7 ga Maris

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, a gaida Anti Rumasa'u da yara.

Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman inda ka ambaci gonar Baba, ban gani ba. To bari in tuna maka, tunda murmushin Musbahu ya fi tsaya maka a rai. A cikin kwamfutar nan bidiyon yake, na ranar da Baba da tsoho Philip, wanda ya sayar masa da gonar Tungan Maje, suka zagaye iyakarta suna nuna kowace kusurwa. Cinikin baka suka yi shekara talatin da suka wuce, ba takarda ko ɗaya. Baba ya rasu, Philip ma ya bi shi. Kamfanin gine-ginen da ya zo ya kafa duwatsunsa a rabin gonar zai zauna da mu gaban kwamitin filaye ranar 29 ga wata, kuma bidiyon nan ne kaɗai hujjarmu. Kai ka hana a kwafa wa kowa, wai kai ne babba. Katin kyamarar kuwa tuni ka goge shi ka ɗauki bikin sunan ɗanka Amir.

Komawa 64 daga 32 ba canza hula ba ne. Sai an goge duk abin da ke cikin kwamfutar tas kafin a ɗora sabuwar. Ka bari sai bayan zaman kwamiti. Wai ma me za ka yi da giga takwas? Wasiƙa kake bugawa sai kallon hotunan motoci. Kwana ashirin da biyu ne kacal, Yaya, ba za a sauke ka daga kujera ba kafin nan.

Na gaishe ka.

Nazeefa

Garki
12 ga Maris

Nazeefa,

Salam. Na samu wasiƙarki, na kuma ga har yanzu bakin nan naki yana nan yadda na san shi.

Kin ɗauka ba na tunani ne? Kafin in miƙa wa Thaddeus kwamfutar, da hannuna na kwashe duk abin da ke kan desktop, wato fuskar da ake gani in an kunna, na zuba a filash. Na ga “Gonar Baba” da idona ya shiga. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba, abin da kike ta wa'azi a kansa shafi guda. Thaddeus ma cewa ya yi, “Oga, kawo filash ɗin in duba kafin na yi format, na goge komai.” Na ce masa ya yi aikinsa, tun yana firamare nake riƙe fayilolin gwamnatin tarayya.

Yanzu kwamfuta sai gudu take. Yau Musbahu da kansa ya leƙo yana tambaya wace iri ce.

Ga filash ɗin nan a ambulan, tunda kin daɗe kina so a ba ki kwafi. Ki adana, ki kuma huta.

Yayanki,
Umar Farouk

Kwali
13 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka karanta wannan a tsaye, kada ka bari sai an tashi daga ofis.

Na buɗe filash. Babu bidiyo a ciki. Abin da ka kwafa shortcut ne, 'yar alama mai kibiya a gefe wadda ke nuna inda ainihin fayil yake. Allon da ke bakin titi mai cewa “Kwali” ka ɗauko, ka baro garin. Bidiyon awa ɗaya da rabi ya shiga filash cikin ƙasa da minti, ko a jikinka? Mutumin da aikinsa ke nan ya ce ka kawo ya duba, girman kai ya hana ka. Allah ya kyauta wa fayilolin gwamnatin tarayya.

Zan faɗi nawa ni ma, don yana cin raina. Ni na yi shortcut ɗin. Lokacin da na zuba maka bidiyon na ɓoye shi can cikin wata folda, na bar maka alamar a waje, saboda na tabbata in ka ga na gaske za ka goge shi garin latse-latse. Ban gaya maka ba, na ga ɓata baki ne yi maka bayani.

Ka kashe kwamfutar yanzu-yanzu. Kada ka ɗora mata komai, ko hoto ɗaya. Ka kai ta wajen masu dawo da abin da aka goge, wataƙila a dace.

Nazeefa

Garki
22 ga Maris

Nazeefa,

Assalamu alaikum. Ya yara?

Na kai kwamfutar wurare uku a Wuse. Duk maganarsu ɗaya. Kafin wasiƙarki ta iso na riga na cika ta da bidiyoyin taron ofis, don in gwada gudunta, sun hau kan wajen da na Baba yake. Hotuna shida suka dawo da su, duk na motoci.

Lauyanmu ya ce kwamiti zai iya sauraron wanda ya ga zagayen da idonsa. Ni ban je ba ran nan, ina wokshop. Ke kika riƙe kyamarar daga farko har ƙarshe. Don Allah ki zauna ki tuno. Daga babban dutsen nan na yamma, ina Baba ya nuna? Bakin rafi ko bishiyar ɗorawa? Rabin gonar duk a tsakaninsu yake.

Ina jiran amsarki, ƙanwata.

Umar

Kwali
24 ga Maris

Yaya,

Wa'alaikumus salam.

Ni na riƙe kyamarar. Amma tun da muka shiga gonar nake mita a raina kan rana da ƙayar da ke kama min zane, ina cewa wa zai damu da wannan dajin. Na bar wa kyamara sauraron. Na tuna dutsen. Na tuna Baba ya dafa shi yana haki, ya ce min, “Kina ɗauka ko, Nazeefa?” Na ce eh. Sai ya ɗaga hannu. Wallahi ban san ina ya nuna ba.

Zan zo ranar Alhamis. In suka rantsar da ni, abin da zan faɗa musu ke nan.

Ƙanwarka,
Nazeefa