Inda Efren Yake Zuwa Ran Lahadi

Lahadi, 7 ga Janairu

Efren ya sake fita da ƙarfe ɗaya na rana. Wai sinima. Lahadi ta uku ke nan a jere. Shekara ashirin da shida muna tare da mutumin nan, goma sha bakwai da aure, ban taɓa ganin ya kai ƙarshen fim idonsa biyu ba. Yanzu kuma sinima, cikin sanyin Winnipeg ɗin nan ta Kanada da ko kare ba ya son leƙa waje. Har da aske gemu. Na tambaye shi wane fim, ya ce irin wanda ba na so. Na ce da wa? Ya ce da mutanen gari.

Na dai rubuta.

Talata, 9 ga Janairu

Na bincika. Marigold ce, tsohuwar sinimar nan ta kusa da gada. Duk Lahadi ƙarfe biyu, har ƙarshen sanyi, suna nuna finafinan barkwanci na soyayyar namiji da namiji. Gaskiyarsa, ba na son su. Labarin ɗaya ne kullum: ɗan birni ya koma ƙauyensu, ya yi karo da mai gidan burodi, su tsani juna, su so juna, su ɓata, a ƙarshe wani ya kwasa da gudu filin jirgi. Ba wanda aka kora daga aiki, ba wanda aka jefa wa kwalba a titi. Uwa ma ita ce mai zolaya. Kowa haƙoransa fari tas.

Don wa ake yin su? Ba don irinmu maza masu son maza ba dai. Ni da na raka abokai tara makabarta cikin shekara huɗu sanadin cutar ƙanjamau, tun ban kai talatin ba. Ina zargin don matan ofis ake yi, su zo su ce ayya, su koma gida suna jin su mutanen kirki ne. Efren ma da bakinsa ya taɓa faɗar haka.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ba bincike na yi ba, mabuɗin gareji nake nema a aljihun rigar sanyinsa. Tikiti biyu. Ɗaya na rangwamen tsofaffi ne.

Tsoho ma. Ni da nake da shekara hamsin da tara ban ishe shi tsufa ba ke nan?

Na duba motar. An tura kujerar gefen direba baya sosai, kuma akwai warin man zafi. Shekara talatin ina binciken masu ƙaryar hatsarin mota a kamfanin inshora. Na san yadda labari yake idan bai haɗu ba.

Asabar, 13 ga Janairu

Gidan Baba, kamar kowace Asabar tun rasuwar Mama. Na gyara masa famfon kicin, na kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa. Mun yi maganar sanyi, mun yi maganar wasan hoki. Zan fita ya ce, "Ka gai da abokinka." Shekara ashirin da shida, abokina. Ranar aurenmu ma ciwon baya ya ƙirƙiro. Shekararsa tamanin da huɗu, ba yanzu zai sake hali ba.

Na dawo na tarar Efren ya yi miyar kaza mai citta irin ta garinsu. Mutum ba ya dafa abin da kake so haka kawai.

Lahadi, 14 ga Janairu

Ya tafi. Ya dawo ƙarfe biyar da rabi yana ɗan waƙe-waƙe, ya ce ya ƙoshi. Fim ɗin ƙarfe huɗu saura kwata yake ƙarewa.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na bi shi. Ba zan ƙawata maganar ba. Na jira aka kashe fitila sannan na shiga, na zauna layin ƙarshe da hula har gira, kamar ɓarawo.

Ɗakin a cike. Na zaci samari zan gani. Akwai su, amma ba su kai rabi ba. Tsofaffin mata da filas ɗin shayinsu, 'yan mata biyar suna cin gugguru a kwano ɗaya, miji da mata riƙe da hannu, wasu maza biyu da jariri. Wani ƙato da rigar aikin gini shi kaɗai. Duk lokacin da jarumin ya yi wauta sai ɗakin ya amsa gaba ɗaya, kamar sun san shi.

Na ga ƙeyar Efren a layi na shida. Kusa da shi farin kai, dogon wuya. Sai aka zo wurin da jarumin ya ɓuya a cikin kabad saboda kakar saurayinsa ta shigo, kabad ɗin ya kife da shi. Farin kan nan ya tuntsire da dariya, mai ƙarewa da tari da buga gwiwa.

Na san dariyar. Rabon da in ji ta tun ina makarantar sakandare.

Baba ne.

Na fito. Na zauna a mota ban kunna ta ba har yatsuna suka sandare.

Litinin, 22 ga Janairu

Da wani namijin ne, da na san abin da zan yi.

Laraba, 24 ga Janairu

Na yi wa Efren magana muna wanke kwanuka. Bai yi musu ba. Ya ce cikin Disamba Baba ya hau bas ɗin haya da shi Efren yake tuƙawa, ya zauna a bayansa, bai sauka ba har ƙarshen layi. Da kowa ya fita sai ya ciro takardar tallar sinimar daga aljihu, ya tambaya ko tsoho zai iya shiga irin wurin nan shi kaɗai ba a yi masa dariya ba. Efren ya ce zai raka shi. Baba ya sa shi ya rantse ba zai faɗa min ba.

Na ce to me yake so? Efren ya ce fim yake so. Na ce mutum ba ya shekara ashirin da shida yana kallon bango idan ka shigo ɗaki, sannan rana ɗaya ya nemi ku ci gugguru tare. Ko dai ba shi da lafiya, ko yana so ya tare a gidanmu, ko ƙanwata Lesia ce ta kitsa daga Calgary don ta sauke nauyinsa a kanmu.

Sai da ya goge hannunsa sannan ya ce, "Myron, tsaya. Ta yaya ma ka san da shi nake zuwa?"

Na faɗa masa. Har da maganar tikitin da kujerar mota, ban san abin da ya sa na ƙara su ba.

"Wato ka zaci ina da wani."

Na ci gaba da goge kwanon da ke hannuna.

"Kai a wurinka kowa maƙaryaci ne sai ya kawo takarda. Ni ba mai neman kuɗin inshora ba ne, mijinka ne."

Ya kwashi filonsa zuwa ɗakin baƙi. Ya ɓoye min abu wata guda, amma ni ne mai laifi. To.

Juma'a, 26 ga Janairu

Na kira Lesia. Ba ta san komai ba, ko kuma ta iya wasa. Ta yi ta dariya har na ajiye wayar.

Asabar, 27 ga Janairu

Na shiga banɗakin Baba na karanta kwalaben magani ɗaya bayan ɗaya. Na hawan jini, na gwiwa. Babu sabo. Na leƙa wasiƙun da ke kan firji, babu ta asibiti. Na fito na same shi yana soya firogi da albasa, kwaɓin fulawar nan mai dankali a ciki, ya ce in na gama binciken in zo in ci. Ashe Efren ya riga ya kira shi.

Na tambaye shi kai tsaye abin da ke kai shi sinimar. Ya daɗe yana juya abin da ke cikin kaskon. Ya ce a shekarun nan da abokaina ke mutuwa, duk fim ɗin da aka nuna a talabijin na mutane irina, asibiti ne ƙarshensa, ko kabari, ko wani ya rataye kansa. Mama takan tashi ta bar ɗakin. Shi kuwa sai ya kalla har ƙarshe, wai yana so ya san abin da ke jiran ɗansa. Ya ce shekara goma duk ƙarar waya sai ya zaci mummunan labarina ne.

"Waɗannan kuwa ba wanda ke mutuwa," in ji shi. "Ka zauna awa biyu ka san ba wanda zai mutu. Babbar masifarsu wani ya manta bai kira wani ba. Ka san daɗin wannan a wurin uba?"

Na ce, "Ranar aurenmu ba wanda yake mutuwa, Baba. Ba ka zo ba."

Na zaci zai kawo maganar ciwon bayan. Ya ce, "Wannan ba tsoro ba ne. Kunyar mutanen coci na ji. Ba ni da abin da zan kare kaina."

Ya zuba min firogi shida. Na ci huɗu.

A hanya na yi ta juya maganar. Ta yi tsari da yawa. Baba ba ya jera jimla uku a kan abin da ba inji ba. Ko Efren ne ya koya masa? Ko a fim ya tsinta?

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Sun tafi. An gayyace ni, na ce ina da takardu. Efren ya dawo ɗakinmu tun Alhamis, amma magana sai ta dole.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Wai an sa Efren aiki ran Lahadi, ba mai kai Baba. Shekara takwas rabon da a sa shi aikin Lahadi. Na san shi ya nema. Ban duba ba. Na so in duba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na kai Baba. Mai sayar da tikiti, Doreen, ta kalle ni ta ce, "Af, kai ne ɗan? Mai binciken nan?" Ban san abin da ya faɗa mata ba, kuma ban ji daɗin yadda ta yi murmushi ba.

Fim ɗin shirme ne. Likitan dabbobi da wani mai shirya bikin aure, da akuya da ta cinye zobe. Baba ba ya kallo shiru. "Kai sakarai, faɗa masa mana!" Har ana juyowa. Matar da ke gefena, bazawara ce, ta ce mijinta ya rasu bara. Ban tambaye ta ba ta ce min ita abin da ke kawo ta, a nan ba ta san wanda zai fara ba da haƙuri ba, tunda duk maza ne. A sauran finafinai kullum macen ce. Ban taɓa tunanin wannan ba. Ban ce na yarda ba.

Wurin akuyar na yi dariya. Sau ɗaya. Ɗakin ne ya ja ni.

Bayan an tashi Baba ya ce sukan sha kofi a shagon da ke tsallake. Inda awa ɗaya da rabin take tafiya ke nan. Yana tsoma biskit a kofi, bai kalle ni ba, ya ce, "Ku a ina kuka haɗu?"

Na ce a shagon wanki. Ya ce wa ya fara magana? Na ce shi. Ya jira. Na ce shi ke nan. Ya ce lallai labarinmu ba zai yi kasuwa ba.

Talata, 13 ga Fabrairu

Na ba Efren haƙuri. Ba da tsari ba, yana ɗaure takalmi zai tafi aiki. Ya ce ya ji. Da na faɗa masa amsar da na ba Baba sai ya ɗago ya ce, "Maƙaryaci. Ka faɗa masa gaskiya ko ni in faɗa." Ya ja min kunne kafin ya fita.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Baba ya kira da yamma. Shi da kansa. A da Mama ce ke kira ta miƙa masa. Na ɗauka da sauri na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, an ce masa akwai sauran labari.

To na faɗa masa. Yadda na ga Efren a shagon wankin yana naɗe rigunan aikinsa, na kasa cewa uffan. Yadda na koma sati huɗu a jere, ga injin wanki lafiyayye a gidana. Yadda kaya masu datti suka ƙare min, na cire labulen falo na kai, sati na gaba na sake kai labulen dai. Efren ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, labulen nan in ka ƙara wanke shi zai narke. Ka tambaye ni sunana ka huta."

Baba ya yi dariya har ya ajiye wayar ya je shan ruwa. Ya dawo ya ce in maimaita wurin labulen. Ya tambayi launinsa. Ya tambayi abin da muka ci ranar farko, da ko Mama ta san labarin. Ta sani. Ya ce ita kullum tana riga shi.

Ban ce na gama yarda da shi ba. Har yanzu ina ganin akwai abin da bai faɗa ba, kuma finafinan nan shirme ne.

Awa ɗaya da minti goma muka yi muna magana. Ban duba agogo ba, wayar ce ta nuna min bayan mun ajiye.