Shafi Ɗaya Daga Buhun Takardun Tsire

Tanti Khairiya, ki taimake ni kafin bakina ya ƙarasa rusa mini aure.

Ni mai tsire ne a Dapaong, kusa da tasha. Aji uku na yi aka cire ni daga makaranta, sauran karatuna a takardun ƙunshe nama na koya. A buhu ake kawo mana su, tsofaffin jaridu da takardun ɗalibai, kuma ba na ƙunsa nama sai na karanta takardar. Masu saye su yi tsaki, in rama.

Akwai wadda zan aura, Zénabou, 'yar zongon Sokodé, tana shekara ta uku a jami'a. Tanti, in hayaƙi ya tashi da la'asar, ni ba na Dapaong. A raina ina tsakar gidansu, ƙarƙashin mangwaro, ruwa ya ɗauke, duwatsun bayan gari sun yi kore shar, tana kan tabarma tana gyara mini Faransanci tana dariya. Har ɗakinmu na gina a kaina, da wurin jera littattafai, da taga mai kallon gabas. Nama ya sha ƙonewa saboda tagar nan.

Wata biyu da suka wuce wani shafi ya faɗo hannuna, daga binciken wani ɗalibi kan cutar sida, wato ƙanjamau, tsakanin 'yan jami'a. Wai da yawa cikin waɗanda ya tambaya suna da abokan kwana fiye da ɗaya, kuma ba ruwansu da kororon roba. Sauran shafukan sun bi tsire sun tafi. Raina ya ɓaci, ko kiranta ban yi ba. Na tura kawuna Garuba, wanda ya kai goron neman aurenta, ya faɗa wa mahaifinta a zaure, gaban mutane, cewa ba za a sa rana ba sai ta yi gwaji.

Da ta zage ni, da na san abin yi. Sai ta ba direban motar Sokodé ambulan ya kawo mini. Takardun gwaji uku ne ciki, ashe duk shekara tana ba da jini. Lafiyarta lau. A bayan ta ƙarshe ta rubuta cewa tana jiran tawa, kuma ba za ta ɗaga wayata ba sai ta gani.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara biyu ina zuwa kasuwar Tandjouaré sayen awaki, akwai wata mata da nake sauka wajenta, kuma ban taɓa sa kororon roba ba. Na daina tun bara da aka kai goro, amma gwaji ban taɓa yi ba. Sau uku ina zuwa ƙofar asibiti a babur, in wuce kamar mai neman wani. Yanzu in na rufe ido mangwaron na nan, tagar na nan, amma tabarmarta wayam. Mahaifinta ya ce in Babbar Salla ta wuce babu takardata, maganar ta mutu. Yaya zan yi?

Mai Tsire, Dapaong

Ɗana Mai Tsire,

Neman gwaji kafin aure ba laifi ba ne, hankali ne. Da ka ce mata ku je tare, da na yaba maka. Amma ka ɗauki shafi ɗaya kan mutanen da ba ka sani ba, ka kai shi zauren mahaifinta. Jami'a ba ta sa wa kowa cuta, kasuwar awaki ma haka. Abin da mutum ya aikata ne. Tsoron naka ne, ka aika mata shi ta hannun kawu.

Gobe da safe, kafin ka hura wuta, je ka yi gwajin. In idon sani kake gudu, je wani gari. Tunda ka daina tun bara, sakamakon zai faɗi gaskiya.

In ka fita lafiya, kada ka ba direba. Kai da kawunka ku kai takardar, ka nemi gafara a zauren da ka kunyata ta. Sannan ka faɗa mata zancen Tandjouaré da bakinka.

In kuma an samu ƙwayar, ba ƙarshenka ba ne. Mai shan magani kullum yana rayuwa lafiya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, kuma likita zai nuna maka yadda ba za ka sa wa matarka ba. Sai ka sanar da matar can ita ma ta gwada. Amma ko wanne ya fito, zaɓi na Zénabou ne, kuma ba zan yi maka alkawarin za ta koma kan tabarmar ba. Abin da na gani kawai, wadda ta gama da kai ba za ta ce tana jira ba.

Ka karanta takardun mutane buhu-buhu, ɗana. Saura guda ɗaya mai sunanka. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe ta, ya sa ka ga alheri a ciki.

Tanti Khairiya