Jakinmu Ya Tsaya Shagari

Bodinga, daren sha biyu ga Safar

Yau a Shagari wani tsohon soja ya koya mini dabarar caca: in an cinye ka, ka ninka, ci ɗaya zai maido komai har da ribar kwabo. Ni mai aji biyu na elementare na auna, na ce lissahi ya yi. Kwabo ya koma biyu, biyu huɗu, kuɗin albasar da na saida suka ƙare sa'a ba ta iso ba. Sai na aza jaki. Lissahin bai yi ƙarya ba, aljihuna ne gajere.

Ɗiyata Hassi ta tarbe ni da dusa a ƙwarya. "Baba, ina jakinmu?"

Na ce ya tsaya koyon lissahi. Ta yi dariya, ta aje mishi dusar a turke. Har yanzu na kasa hita in ɗauke.